Abincin da Ba a Juya Shi

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Duk wadda ta zo gaisuwa, da ta gama "Allah ya jiƙansa" sai ta gyara zama ta ce, "To Yaya Habi, ya ƙasar take?" Wata ta ce da gaske ne ƙanƙara na zubowa daga sama kamar auduga? Wata ta ce an ce wai har kare da gadonsa. Ni kuwa in ce lafiya lau, in yi shiru, su tashi suna cewa tafiya ta canza ni, da can Habi ba ta barin kowa ya sa baki. Ba canzawa na yi ba. Maganar ce idan na ɗauko ta da baki sai in kasa ƙarasa ta. Shi ya sa na zauna da ɗan bokon da na samu a ajin manya na ce bari in rubuta, mai so ta karanta ko a karanta mata.

Ƙanƙara dai ban gani ba, da zafi na je.

Wanda na je wurinsa ɗana ne na fari. Kun san ba zan faɗi sunansa ba. Injiniya kuke ce masa, haka zan ce. Ana yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi ta tafi da shi Paki, kamar yadda ake yi. Can ya girma, tuwonta ya sani. Idan ya zo nan Ikara hutu gidan baffansa yake sauka. Nakan aika masa da kwano, amma ban taɓa tsayawa na ga yana ci ba, kunya ba ta bari. Yaya ma yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Daga makarantar kwana sai Zariya, daga Zariya sai Amurka, ya samu aiki ya yi aure a can. Ranar da ya kira ni a waya ya ce likitoci sun ga ciwon daji a cikinsa, ya ce, "Yaya, ki zo," tambaya ɗaya na yi masa.

"Kana cin abinci?"

Ya ce, "Ba na iyawa."

Daga nan abu ɗaya na sa a raina: in je in dafa, ya ci, ina kallo.

Shi ya yi duk hidimar takardu daga can. Ƙanena Sabi'u ya kai ni Abuja, wata Baturiya a bayan gilashi ta tambaye ni ta bakin tafinta me zai dawo da ni gida idan na tafi. Na ce awaki na bari, ɗaya ma ciki gare ta. Tafintan ya yi dariya, ita ba ta yi ba, amma ta ba ni izinin shiga ƙasar.

Ranar tafiya matan unguwa suka cika mini jaka: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, garin dawa, man shanu, kilishi. A Makarfi Sabi'u ya sauka ya sayo mazarƙwaila, ya ce yaron yana sonta tun yana ƙarami. Ni ban ma san haka ba. Muna shiga ƙasar Kudan taya ta fashe, muka sauka muka zauna a gefen wata gonar rake. Wata tsohuwa 'yar Nasarawan Doya da muke mota ɗaya ta ce ina za ni da wannan uban kaya. Na ce Amurka. Ta ce, "Ta wajen Legas ke nan?" Na ce gaba da nan. Da ta ji dalili sai ta kama hannuna ta ce, "Kunun kanwa za ki dama masa, mai ruwa-ruwa. Ba marar lafiyar da ke ƙin kunun uwarsa." Na riƙe maganar nan har cikin jirgi.

Jirgi kuwa, Allah ya taimake ni ya haɗa ni kujera da wata Rifkatu, 'yar wajen Kafanchan, aikin jinya take yi a can. Ita ta ɗaura mini bel, ita ta raka ni bayi ta nuna mini abin da ake dannawa. Da na danna ya yi wata ƙara sai da na yi salati na riƙe zanena. Na tambaye ta ina gabas, ta ce, "Mama, a nan sama gabas ma tafiya take yi. Ki yi sallarki kawai." Da na ba ta labarin abin da ke cikin jakata sai ta juyo ta dube ni. Can ta ce, "Mama, in faɗa miki gaskiya? Mai irin wannan ciwo idan ya ƙi abinci, ba mai dafawa ya ƙi ba. Kar ki sa a ranki." Na ce to. A zuciyata kuwa cewa na yi ai abincinsu na gwangwani ne ya gundure shi.

Da muka sauka, wurin duba kaya wani kare ya zo ya zauna a gaban jakata. Na tattare mayafi kar ya taɓa ni, ga shi da alwala nake. Ma'aikacin ya buɗe jakar, ƙamshin daddawa ya buge shi, ya ja da baya ya kira abokinsa. Rifkatu ce ta yi ta bayani. Kilishi da man shanu suka ce ba sa shiga ƙasar, suka jefa a wani babban kwando ina kallo. Mazarƙwaila kuma ya yi ta jujjuya ta yana ƙwanƙwasawa, sai na gutsura na jefa a baki. Ya ɗaga kafaɗa ya mayar mini. A nan muka rabu da Rifkatu, ta tafi neman wani jirgin. Tana juya baya na gane yanzu ba mai jin maganata a ƙasar nan sai mutum ɗaya, shi ma yana kwance.

Matarsa ce ta zo ɗaukata. Baƙar fata ce kamar mu, doguwa, sunanta wani abu mai kama da Dije, sai na bar shi a Dije. Tana ganina ta rungume ni ta fashe da kuka a kafaɗata, a gaban mutane. Na rasa yadda zan yi da hannuwana. Mu suruka ai durƙusawa take yi daga nesa.

Jihar ana ce mata Jojiya. Zafi ne mai ɗanko kamar tsakiyar damina idan hadari ya taso bai zubar ba. Unguwar tsaf, ciyawa a yanke, amma shiru kamar an yi gudun hijira. Ba yaro a waje, ba akuya, ba mai talla. Abin da ya fi ba ni mamaki, ga mutum a kwance ba lafiya amma ba takalmi ko ɗaya a ƙofar gida. A nan da tuni zaure ya cika, wannan ya kawo fura wancan ya kawo rubutu. Can wai sai ka buga waya an ce maka zo. Kati suke aikowa, da fure.

An sa masa gado a falo saboda ba ya iya hawa bene. Da na shiga ban gane shi ba sai da ya yi murmushi, na ga wushiryar ubansa. Na zauna a ƙasa daga nesa na ce, "Sannu. Ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, Yaya. Kin sha hanya." Na ce, "Allah ya sawwaƙe." Shi ke nan. Dije ta tsaya tana dubana tana duban shi, kamar tana jiran sauran.

Washegari na karɓi kicin. Murhunsu ba wuta, wani baƙin gilashi ne da ke yin ja. Na tuƙa tuwon dawa mai laushi, na kaɗa miyar kuka. Ban kai ga saukewa ba wani abu a jikin silin ya kama ihu, Dije ta shigo a guje tana buɗe tagogi. Na ɗauki kwano na nufi falo. Tun kafin in ƙarasa warin daddawa ya riga ni. Ya juya kai ya kama amai, ba kuma abin da zai amayar. Da ya samu numfashi ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Wallahi ina so." Na dawo da kwanon.

Na dama kunun kanwa. Ya kai bakinsa, ya riƙe, ya ajiye. Na yi faten tsaki, na yi farfesun kaza ba yaji. Kullum haka: in kai, ya gode, in dawo da shi in ci a kicin ni kaɗai don kar a zubar. Wani farin ruwa na gwangwani kawai yake kurɓa. Yawancin yini barci yake, idan kuma ya yi barci gidan ba tafinta. Ni da Dije sai mu yi ta wucewa ta gaban juna muna murmushi.

Wata safiya ina tsaye ina tunanin me kuma zan gwada, Dije ta shigo da sauri. Ta nuna ƙofar baya ta ce, "Mama, fic." Na dube ta. Ta sake nuna ƙofar, ta kama hannuna tana ja. "Fic, fic!"

Jama'a, ku me za ku ji? Ni "fice" na ji. Na ce ashe har ta koyi wannan a Hausa. Na cika mata gida da hayaƙi, na sa mijinta amai, ta gaji. Na zare hannuna, na hau sama na tura kayana a jaka, na yafa mayafi, na fito ta ƙofar gaba na zauna a dakalin gida. Inda za ni ban sani ba. Ko hanyar titi ban sani ba. Dije ta fito tana magana tana yarfa hannu, ni kuwa na kawar da kai. Ƙarshe dole ta tayar da shi. Ta tagar falo ya ce, "Yaya, me ya faru?"

"Matarka ta ce in fice."

Ya tambaye ta da Turanci. Sai na ji wata irin ƙara daga ƙirjinsa, na tashi a tsorace. Ashe dariya yake, yana riƙe da ciki, hawaye na zuba. "Yaya, fic sunan ɗan itace ne. Mahaifiyarta ce ta kawo kwando guda, yana bayan gida. So take ki gani."

Dariyarsa ɗaya ke nan da na ji a duk zaman da na yi.

A bayan gida na tarar da mahaifiyar Dije, Mis Loreta, tsohuwa gajera mai farin gashi da hular ciyawa. Ta ce mini "bebi". Kowa jariri ne a wurinta, har ni mai jikoki. Ta miƙo mini ɗan itacen. Girmansa kamar ƙaramin mangwaro, ja da rawaya, da wani gashi-gashi a jiki kamar fatar ɗan akuyar da aka haifa yau. Ƙwallonsa duk kurji-kurji. Injiniya ya ce jiya ya faɗa wa Dije yana marmarin wani abu da ake yi da shi, kobla, abin da Mis Loreta ta ba shi ranar da ya fara zuwa gidansu. Na ce dafa ɗan itacen ake yi? Ya ce gasawa. Na ce wa ke gasa mangwaro in ba wanda ya rasa aikin yi ba?

Amma na tsaya a gefenta na zuba ido. Ta tsoma su a tafasasshen ruwa ta tsame ta jefa a na sanyi, ɓawon ya saluɓe da kansa. Ta yayyanka, ta zuba sukari da garin kirfa da ɗan lemun tsami. Da ta ɗauko wani jan sukari na shinshina na ce ai wannan 'yar gidanmu ce, na hau sama na kawo mazarƙwaila. Ta lasa, ta zaro ido, ta kankare ta zuba. Ta narkar da bota, man shanunsu, a wani faranti mai zurfi na gilashi. Ta kwaɓa fulawa da madara da sukari da bekin foda da ɗan gishiri, ruwa-ruwa kamar ƙullun waina, ta zuba a kan botar. Sannan ta kwashe ɗan itacen da ruwansa ta jera a sama.

Na ga abu ya rabu gida uku, mai a gefe, ƙullu a ƙasa, ɗan itace a sama, sai na ɗauki cokali don in taimaka mata. Tsohuwar nan ta make mini hannu. Ni Habi, da furfurata. Ta ɗaga yatsa ta girgiza shi a fuskata, ta tura farantin haka nan cikin tanderun lantarkin da suke kira obin. Na je na tambayi Injiniya. Ya ce, "Ba a juya shi, Yaya. Ƙullun da kansa yake tasowa ya rufe."

Haka kuwa aka yi. Ya fito saman ya yi ja, ruwan yana tafasa ta gefe-gefe, ƙamshi ya cika gidan. Mis Loreta ta zuba kaɗan a kofi ta zauna a bakin gadonsa tana ba shi a baki. Ya ci. 'Yan cokula ne, amma ya ci, ya lumshe ido. Dije tana kuka tana dariya. Ni ma na ce alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Sai dai na koma kicin na daɗe ina wanke tukunyar da ta riga ta fita.

Da Mis Loreta ta koma garinsu na ce wa Dije da hannu ni zan yi. Ta kunna mini obin ta tafi aiki. Na bi komai yadda na gani. Amma kun san hannun da ya tashi da muciya. Tuwo a tuƙa, kunu a dama, miya a kaɗa, ban taɓa dafa abin da ake zubawa a bar shi ba. Na ce sau ɗaya dai, a hankali, don botar ta shiga. Abin ya fito cunkus kamar alalen da ya kwana. Ban kai masa ba.

Na biyu ban juya ba. Amma da na leƙa na ga tsakiyar tana rawa sai na ce ɗanye ne, yaya zan ba marar lafiya ɗanyen ƙullu? Na ƙara masa lokaci, na sake ƙarawa, har abin silin ya sake ihu. Daga falo ya ce, "Yaya, kin ƙona ne?" Na ce a'a, gwaji nake. Muryarsa a ranar sai da na matso sannan na ji ta.

'Yan itacen suka ƙare. Dije ta ce lokacinsu ma ya kusa wucewa. Ta zagaya ta samo wasu a bakin hanya, masu tauri, sai da muka sa su a takarda muka jira suka nuna. Cikin kwanakin jiran nan ya daina shan ko ruwan gwangwanin. Nas ɗin da ke zuwa gida ta ja Dije gefe suka yi magana, na ga fuskarta, ban nemi tafinta ba.

Ranar da suka nuna na tashi bayan asuba na yi komai a nitse. Da na jera ɗan itacen a kan ƙullun na ajiye cokalin can nesa, na tura farantin, na zauna a ƙasa a gaban gilashin obin na danne hannuwana a ƙarƙashin cinyoyina. Ina kallo ƙullun ya kumbura ya fara leƙowa ta tsakanin yankan, ya hau ya rufe su, ya yi ja. Tsakiyar tana rawa na sauke shi haka nan.

Na zuba a kofi na kai. Nas ɗin tana nan. Ta ga cokali a hannuna ta girgiza kai, ta nuna maƙogwaronta. Ba ya iya haɗiya, zai shaƙe. Na tsaya da kofin a tsakiyar falo.

Ya buɗe ido. Ya ce, "Wa ya yi?"

"Ni."

"Kin juya?"

"Ban juya ba."

"Kawo in ji ƙamshin."

Ban zauna a ƙasa ba. A bakin gadon na zauna, na kai kofin kusa da hancinsa. Sai Dije ta kama ɗan yatsana ta tsoma a ruwan da ya taru a gindin kofin, ta dubi nas, nas ta gyaɗa kai. Na hura ya huce, na yi bismilla, na shafa masa a harshe. Ya rufe baki. Ina kallon muƙamuƙinsa yana motsi a hankali.

Ya ce, "Ƙara."

Na ƙara.

Bai ƙara kwanaki da yawa ba. Mutanen masallacinsu ne suka yi masa sutura, 'yan Senegal da 'yan Pakistan da wasu Hausawan Ghana. Sun yi komai yadda addini ya ce, sai dai kabarin mota ce ta haƙa. Makoki ba zama irin namu, yini ɗaya kowa ya koma aiki. Mis Loreta ta dawo ta kwana ɗaki ɗaya da ni har na taho, ba mu da magana sai ta riƙe hannuna. A filin jirgi Dije ta durƙusa mini har ƙasa, ban san wa ya koya mata ba. Ni kuma na ɗago ta na rungume ta.

Hanyar dawowa ba abin da zan faɗa a kai. Sabi'u ya tare ni a Abuja. Sai da muka kusa gida ya ce, bai dube ni ba, "Yaya, ya dai samu ya ci abincinki?"

Ku ma na san ita ce tambayar da kuke kewayawa da zancen ƙanƙara da karnuka. To ga amsar da na ba shi. Tuwona bai ci ba, kununa bai sha ba. Abin da ya ci nawa bai fi abin da kan yatsa zai ɗauka ba, kuma abincin wasu mutane ne. Amma ni na yi shi, ina zaune a gabansa ina kallo, kuma shi ya ce in ƙara.

Allah ya jiƙansa, ya jiƙan naku.